Gora Uku a Filin Shanya

Shekarar da autana ya shiga firamare na fara bin Gwaggo filin shanya. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma tun ina goye take sana'ar gumi: a karɓo shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, daga manoman rani, a jiƙa ta kwana, a turara a duro, a baza a rana, sannan a kai inji a cashe. Filin yana bayan wani injin casa ne a gefen titi, tsakanin Kura da Bunkure. Fili ne fetal, ba bishiya sai darbejiya guda ɗaya, ita ma maza sun gaje inuwarta tun kafin a haife ni.

Ranar farko na zo da gorar ruwa a leda, kamar mai hankali. Gwaggo ta kalli gorar, ta kalle ni.

"Wannan fa?"

"Ruwa ne, Gwaggo."

"Na ga ruwa ne, ai ban makance ba. In kin sha, a ina za ki sauke shi?"

Na waiga. Gabas titi ne, da direbobin manyan motoci suna jiran lodi. Yamma injin casa, da samarinsa da suka yi futu-futu da buntu. Kudu gonaki ne shimfiɗe har ƙarshen gani, shukar ba ta kai gwiwa ba, kuma kowace gona da namiji a tsaye a cikinta. Arewa kanal, magudanar ruwan noman rani, inda masu babura ke wanke baburansu. Duk faɗin wurin nan babu inda kaza za ta fake, balle mace da zaninta.

"To ku yaya kuke yi?" na tambaya.

"Ba ma yi," in ji Gwaggo. "Ki sha kokonki da safe, ki rufe bakinki sai kin koma gida."

Haka na shiga tsarin. Mu kusan goma sha biyar ne a filin, kuma duk ranar Allah hannunmu a ruwa yake. Mu ɗebo, mu zuba a duro, mu tsiyaye, mu sake ɗebowa. Ga wutar buntu tana gasa mu ta gaba, rana ta baya. Gumi ya jiƙe hijabi har sai gishiri ya yi masa zane. Amma ruwan da zai bi ta maƙogwaro, sai dai kurɓar kurkure baki, ita ma a tofar.

Abin har ya zama abin alfahari. Mace ta kirki a filinmu ita ce wadda za ta yi azahar da la'asar da alwalar da ta fito da ita daga gida. Gwaggo ce zakara. Takan ce shekara ashirin ba ta taɓa sake alwala a filin nan ba, ta faɗa da irin muryar da wasu ke faɗin sau nawa suka je Makka. Ni ma cikin wata biyu na ƙware. Har na fara yi wa sababbin zuwa kallon raini in na ga suna mutsu-mutsu.

A shekara ta biyu ciwo ya fara. Da farko zafi ne in na zo fitsari, sai kuma wani abu ya dinga soka ta a kwiɓi kamar tsinken tsire. Ban rasa likitoci ba, alhamdulillahi, garinmu kowa likita ne. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne. Uwar mijina ta ce shawara. Mai maganin da ke yawo da lasifika ranar kasuwa bai ma bari na gama bayani ba ya ce basir ne, kuma a wurinsa ko ciwon ido ka kai basir ne. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha sassaƙe, na sha wani gari mai ɗaci da aka ce a lasa da zuma. Duk cikinsu ba wanda ya ce in sha ruwa. Ruwa ai ba ya da kwarjinin magani, ga shi nan yana wucewa a kanal kyauta, awaki ma sha suke.

Wata rana ana tsakiyar zafin bazara, ina jan manjagara a kan shanya, sai na ga tamfol ɗin ya taso yana nufo fuskata. Abin da na sani ke nan. Na farfaɗo a asibiti da allura a hannu, ga ledar ruwa a rataye tana ɗiga. Ruwan da na ƙi sha ta baki ga shi ana ɗura min ta jijiya, kuma yanzu da yake a leda yake an rubuta masa Turanci a jiki, duk dangi sun tsaya suna kallonsa da girmamawa.

Ma'aikaciyar da ta kula da ni wata gajeriya ce mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. Ta ba ni wata 'yar kwalba ta ce in kawo fitsari. Na daɗe a banɗaki kafin in samu abin da zai rufe gindin kwalbar. Ta ɗaga shi a haske. Kalarsa kamar baƙin shayin da aka manta a kan wuta.

"Baiwar Allah, kofi nawa na ruwa kike sha a rana?"

"Ina shan koko."

"Ruwa na ce."

"Akwai ruwa a koko, Sista."

Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. Aka yi min hoto, likita ya ce akwai 'yar tsakuwa a ƙoda, amma ƙarama ce, in na dage da ruwa za ta iya fita da kanta. Ni da nake wuni ina tsince tsakuwa daga shinkafar mutane, ashe tawa ina nan ina reno.

Da za a sallame ni Sista ta zaunar da ni. "Manyan gora uku kullum. Ba a zama ɗaya ba, kaɗan-kaɗan tun safe. Ki dinga duba fitsarinki, in bai yi haske ba, ba ki sha ba. Kin ji?"

Na ce to. Ita ce amsar da muke ba ma'aikatan asibiti tun kakanni, kuma ba ta taɓa nufin komai ba.

Sai dai maigidana yana wurin, ya kuma ji. Manomin rani ne, tumatir da alkama, kuma in ana maganar ruwa shi malami ne. Ya san ranar da ake sakin ruwa a layinsu, ya san kwana nawa shuka ke jurewa, yana iya duban ganyen tumatir daga nesa ya gaya maka yaushe rabonsa da ban-ruwa. Matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita ce kawai ta bushe shekara biyu bai lura ba. Yanzu da likita ya faɗa, sai ya ɗauki abin kamar shi ya gano. Ya samo gora uku, ya rubuta musu lamba da fenti, ɗaya, biyu, uku, ya jera min su a bakin ƙofa.

"Kin ga tumatir," ya fara, "in ya kwana uku ba ruwa..."

"Malam, na ji. Amma in na sha, a ina zan yi fitsari?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ki zaga mana."

"In zaga ina?"

"Ko'ina. Wannan ma abin tambaya ne?"

A wurinsa ba abin tambaya ba ne. Shi duk duniya an shimfiɗa masa ita ne, in ya matsu ya juya baya ya tsuguna a kunya ta uku, ya ci gaba da gaisawa da maƙwabcin gona ta kafaɗa.

Na koma fili da gorunana masu lamba. Kafin hantsi na shanye ta ɗaya, don tsoron ciwon bai sake ni ba. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, maigida ne.

"Kina ta nawa?"

"Ta ɗaya na gama."

"Madalla. A dage."

Da yake wayar tawa irin mai tone asiri ce, duk filin sun ji. Daga ranar gaisuwata ta canza. Ba mai ce min ina kwana, sai dai "kina ta nawa?"

Rabin sa'a bayan gora ta ɗaya jikina ya fara neman haƙƙinsa. Na daure, na canza tsayuwa, na yi salati, na tuna duk abin baƙin cikin da na sani ko hankalina zai tafi can. Da abin ya ƙi, na bar shanyar na bi gefen kanal da wata irin tafiya wadda ba gudu ba kuma ba tafiya ba, har gidan farko da ke tsallaken gada. Wata tsohuwa ce a gidan. Na yi sallama a taƙaice, ta nuna min makewayi. Zuwa na biyu ta ce sannu. Zuwa na uku ta riƙe hannuna a zaure, ta dubi cikina, ta yi murmushi.

"Allah ya raba lafiya, 'yar nan."

Kafin sati ya zagayo labari ya kai har Kadawa, garin su maigida, cewa ina da ciki. Uwar mijina ta aiko min da kwaɗon zogale da addu'a.

Ba shi ne babban abin ba. A kwana na uku na dawo daga tsallaken gada na tarar tumakin wasu makiyaya sun sauka a kan tamfol ɗina suna walima, Gwaggo tana bin su da itacen wuta. Ɓangaren da tumaki ba su ci ba kuma rana ta cinye, don ba a juya a kan lokaci ba, kuma shinkafar da ta wuce bushewa in ta shiga inji karyewa take. Gwaggo ta zuba min ita a tafin hannu bayan an cashe.

"Duba. Wannan shinkafa ce ko tsaki? Ke kin zo shanya ne ko kin zo ziyarar masai?"

Sai wata ta tuna min cewa ai injin casa yana da banɗaki. Yana da shi kuwa, na bulo, har da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Makullin yana wurin manaja, an ɗaure shi a jikin wani guntun ƙarfen inji mai nauyin taɓarya, wai don kar a tafi da shi. Na je na tsaya a bakin ofis, na rage murya iya ƙarfina.

"Alhaji, don Allah makulli."

Injin yana ruri, bai ji ba. Na maimaita. Da ya gane, sai ya leƙa waje ya ɗaga murya yadda za ta rinjayi injin, ta rinjayi titi:

"Kai! Wa ya ɗauki makullin bayi? Ga Hajiya nan ta matsu!"

Haka na ratsa maza wajen ashirin ɗauke da ƙarfe a hannu kamar mai zuwa gyaran mota, kowa yana matsa min hanya cikin ladabi. Na yi hakan sau biyu. A na uku manaja ya ce shi ba don komai ba, amma banɗakin na ma'aikata ne da baƙi, kuma in ya ba ni, gobe mata goma sha biyar za su yi layi. Na so in tambaye shi ko ya ɗauka sauran sha huɗun ba a halicce su da mara ba, amma na yi godiya na fito.

Daga nan na samo dabara. Kullum da hantsi in buɗe gora ta ɗaya in juye a duron jiƙo. Da azahar ta biyu. Da la'asar ta uku. In waya ta yi ƙara in faɗi lamba, kuma ban yi ƙarya ba, gorar ta ƙare. Da yamma in jera su wayam a bakin ƙofa. Maigida ya ɗaga kowacce ya girgiza, ya gyaɗa kai.

"Kin gani? Har fatarki ta fara sheƙi."

Sati uku shinkafar Gwaggo tana shan ruwan likita a madadina. Ita ta samu lafiya sosai. Ni kuwa ciwon ya dawo, wannan karon har da amai da zazzaɓi, na sake samun kaina a gaban tabarau.

"Kina shan ruwan?" in ji Sista.

Maigida ya riga ni. "Gora uku kullum. Ni da kaina nake dubawa."

Ta ɗaga 'yar kwalbar a haske, ta dube shi, ta ce ya ɗan jira mu a waje. Da ya fita ta jawo kujera.

"Gaya min."

Na gaya mata komai, tun daga tsohuwar tsallaken gada har ƙarfen manaja. Na ƙare da tambayar da ta daɗe tana ci na. "Sista, a nan wurin aikinku akwai banɗaki?"

"Guda biyu."

"To shi ya sa gora uku ke da sauƙin faɗa."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta cire tabarau tana gogewa da gefen hijabinta. Ta ce ita ma duk ranar da aka tura su rigakafi ƙauyuka ba ta shan komai sai ta dawo, saboda dalilin nan nawa. Ta ce ta san tana faɗa wa mata abin da ita kanta take kasawa.

"Amma tsakuwar nan ba ta karɓar uzuri," ta ce. "In ta girma sai an yanka ki. Ki nemi wuri, ko ki bar sana'ar. Kuma ki daina ƙirga gora. Sau nawa kike juya shanya a wuni?"

"Ya fi goma."

"Duk juyi ɗaya, moɗa ɗaya. Kar ki jira ƙishirwa, taki ta daɗe da mutuwa."

Barin sana'a ba ya cikin abin da zan iya. Wuri kuma ban san ta inda zan fara ba. Na koma fili ina shan rabin abin da aka ce, ina biyan rabin wahalar.

Wata Talata da rana tsaka na zagaya bayan buhunan shanshera neman tsintsiya, sai na ga Gwaggo a durƙushe, ta dafe kwiɓi da hannu biyu, goshinta a jikin buhu. Ba ta ji zuwana ba. Wani ɗan nishi take yi ta cikin haƙora, irin wanda na sani sarai.

"Gwaggo."

Ta miƙe da sauri har ta yi tangaɗi. "Ɗankunnena ne ya faɗi."

Dukansu biyu suna kunnenta. Na zauna a kan buhu, na jawo ta ta zauna. 

"Tun yaushe?" na ce.

"Tsufa ne."

"Tun yaushe, Gwaggo?"

Ta dubi hannayenta. "Tun kafin aurenki. Yana zuwa yana tafiya. Wani lokaci har da jini." Sai ta ɗago da sauri. "In kika faɗa wa wani, ni da ke ne."

Ban faɗa wa kowa ba. Abin da na yi shi ne na fara tambayar sauran, ɗaya bayan ɗaya, a bakin duro, kamar hira. Ashe filin gaba ɗaya majinyata ne. Wannan tana da maganin sanyinta a ƙulle a bakin zani, waccan ta yi ɓari sau biyu tana zargin aljanu, wata ta ce ita ta ɗauka haka fitsarin kowace mace yake da zafi. Shekara da shekaru kowacce tana ɓoye nata don kar a ce ita ce raguwa, muna ta yaba wa juna riƙon alwala.

Ni na fara cewa mu haƙa rami mu kewaye. Aka yi dariya, sannan aka daina. Washegari Gwaggo ce ta yafa mayafi ta ce in biyo ta gindin darbejiya, inda mai filin ke zama da jama'arsa.

Ban taɓa sanin maza sun damu da tsaftar shinkafa haka ba sai ranar. Mutanen da ke tofar da yawun goro a gefen tamfol, suke taka shanya da takalmin da suka fito da shi daga turken shanu, su ne suka ce wari zai shiga shinkafa, masu saye za su gudu. Wani ya ce iyayenmu mata sun yi sana'ar nan ba masai kuma ba su mutu ba. Gwaggo ta ce masa sun mutu mana, ko ya ga ɗaya a nan? Wani kuma ya ce matan yanzu ne ba haƙuri. Yana faɗa yana miƙewa, ya je bayan motar da ke kusa ya tsuguna, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Wani dattijo ne ya raba gardamar, mai ɗinkin buhu, wanda yake jan su salla a wurin. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce shi abin da ya sani, ko salla ba a so mutum ya yi ta a matse, hankalinsa rabi a wurin Ubangiji rabi a mararsa. Ya ce in matan nan haka suke sallarsu shekara da shekaru, to a ji tsoron Allah a ba su wuri.

Na saci kallon Gwaggo. Shekara ashirin na alfahari aka rushe mata da jimla biyu, a bakin mutumin da ba ta isa ta yi wa musu ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya gafarta malam, ai abin da nake ta faɗa musu ke nan."

Aka ba mu can ƙarshen fili, bayan tulin buntu, nesa da kanal, inda iska ke kaɗawa ta yi gonaki. Kwana biyu muna haƙa da fartanya da kwanon awo. Maza suka taimaka matuƙa da shawara. Akwai mai cewa ramin ya yi faɗi, akwai mai cewa ya yi ƙunci, duk daga inuwa. A rana ta biyu da yamma maigidana ya zo da diga, ya tuɓe riga ya shiga, ya ƙarasa kamu biyun da suka rage, ya kuma kawo itatuwa daga gonarsa aka kafa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Sai dai har yau in ya ba da labarin, shi ya haƙa tun daga sama, mu muna riƙe masa riga.

Gwaggo ta kawo zana daga gidanta, muka ƙara da tsofaffin buhuna, aka shimfiɗa katako aka dabe, aka ajiye buta biyu. Muka tsaya muna kallonsa kamar an gama ginin bene.

Washegari da safe muka zo muka tarar da layi. Direbobi uku, da wani mai babur, da ɗaya daga cikin waɗanda suka ce wari zai shiga shinkafa. Wanda ke ciki har yana amsa waya.

Wasu suka ce a yi faɗa. Wata mai shiru-shiru a cikinmu, wadda ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba, ta je gida ta ɗauko wani tsohon zaninta mai ja, ta rataya a kan zanan ƙofar, ta ajiye silifa na mata a bakin shiga. Shi ke nan. Duk namijin da ya nufo ya hango zani sai ya yi kwana, yana kallon sama kamar dama hadari ya fito dubawa. Akwai direban da na ji yana ce wa ɗan'uwansa matar nan ta ciki ko lafiya, tun shekaranjiya ba ta fito ba.

Na zaci da an samu wuri shan ruwa zai zo da kansa. Bai zo ba. Jikin da aka koya wa shiru shekara biyu ba ya tambaya. Sai in wuni in ga ban tuna ba. In na tuna kuma na ɗaga moɗa biyu a jere, cikina ya dinga ƙugi ina tafiya kamar jarka a bayan jaki. Ruwan gora kafin azahar ya zama na wanka, ɗumi salaf, ba ya wucewa. Sai muka kawo randa muka binne gindinta a yashi a inuwar buhuna, muka rufe da faifai. Na koma kan maganar Sista: in ja manjagara daga wannan kai zuwa wancan, in jingine ta, in je randa, moɗa ɗaya. Satin farko da ƙyar, kamar shan magani. A wata na biyu na lura ƙafata ce ke kai ni, ban ma yi niyya ba. Wata rana kuma na ji wani abu a maƙogwaro da na daɗe ban ji ba, sai da na tsaya na yi tunani kafin na gane ƙishirwa ce.

Tsakuwar ta fita wata Laraba da hantsi, bayan na kwana biyu ina murƙususu. Na tsince ta, na wanke, na ƙulle a leda na kai wa maigida. Ya sa ta a tafin hannu, ya matso da ita kusa da ido. Ba ta kai ƙwayar dawa ba.

"Wannan ɗin ce?"

"Ita ce."

"Duk kukan nan?"

Na ce masa Allah ya ba shi irinta ko rabi, don ya auna da kansa. Ya ce ba amin ba.

Gwaggo ce ta rage. Tana shiga bayan zana, amma randa sai dai ta wuce ta kamar ba ta san ta ba. Ranar da zan koma asibiti a sake dubawa na ce ta raka ni, wai ina jin jiri. Ta biyo ni tana mita. Na riga na yi wa Sista bayani a waya, don haka muna shiga aka miƙa mata 'yar kwalba.

"Ni rakiya na zo."

"Na sani, Mama. Duk mai rakiya sai mun duba shi, sabuwar doka ce."

Gwaggo ta harare ni harara mai tsawo, ta karɓa. Aka yi hoto, aka samu nata har biyu, da ciwon da ya daɗe yana cin ta. Aka rubuta mata magunguna. Sista ta zaunar da ita a kujerar da na zauna.

"Mama, gora uku kullum."

"Ɗaya."

"Uku."

"'Yar nan, ni ba saniya ba ce. Ɗaya da rabi."

"Mama, ba ciniki muke ba."

"Komai ciniki ne. Biyu, kuma ban ƙara ko kurɓa."

Sista ta dube ni, na kawar da kai. Ta ce to a fara da biyun, wata mai zuwa a sake zama. Gwaggo ta miƙe da fuskar wadda ta yi nasara, duk hanyar gida tana gaya min yadda ta karya yarinyar nan.

Tana sha, amma ba a gabanmu ba. Ta samo wata butar shayi ta ajiye bayan buhuna, ta jefa tsamiya a ciki, in an tambaye ta ta ce jiƙo ne na ciwon ƙafa. Muna ganin sau nawa take cika ta daga randa, ya fi abin da suka yi ciniki a kai, amma duk filin ba wadda ta yi gigin ƙirgawa da ƙarfi.